Majalisar 'Yan Kati: Yadda Ake Kafa Ta da Yadda Ake Riƙe Baƙo

A ƙasar Hausa, da zarar an hango samari huɗu sun kewaye tebur da kati a hannu, an gama yanke hukunci: 'yan karta ne, karta kuwa ƙanwar caca ce. Mai kallo ba shi da laifi, abin da ya saba gani ke nan a tasha da bayan kasuwa. Sai dai akwai wani nau'in wasan kati da wasunmu a makarantar nan muke yi duk Asabar, wanda ko sisi ba ta shiga tsakaninmu. Ni yanzu ina ND II, furojet kaɗai ya rage mini. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da muka koya wajen tara mutane a kan wasan, ko wani zai ɗora daga inda muka tsaya, ko ya kafa tasa majalisar a wani sashen.

Bari in fara da bayanin wasan, saboda wanda bai taɓa gani ba. A Whot da kowa ya sani, kati 54 ne, kowa daga tari ɗaya yake ɗiba, abin da rabo ya ba ka shi za ka buga. A wasannin da nake nufi, kowane ɗan wasa shi yake haɗa nasa damin tun daga ɗaki. Kamfani ya buga dubban katuna, kowanne da aikinsa a rubuce a jikinsa: wannan mayaƙi ne, wannan tarko ne, wancan yana ba ka damar jawo kati biyu. Kai za ka zauna ka zaɓi waɗanda suka jitu da juna, kamar yadda koci yake fitar da 'yan wasa sha ɗaya, sannan ka zo ka gwada daminka da na wani.

Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro na farkonsu, Magic: The Gathering, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. A 1996 katin Pokémon ya fito a Japan, a 1999 kuma kamfanin Konami ya fitar da Yu-Gi-Oh!, wanda da yawanmu mun san shi ta katun da kuma jabun katunan da muka riƙa tarawa muna firamare ba tare da mun san ƙa'idarsu ba. A Magic, dami ba ya gaza kati 60, kowa yana farawa da rai 20, wanda nasa ya ƙare an cinye shi. A Yu-Gi-Oh! dami daga 40 ne zuwa 60, rai kuma 8000. Pokémon 60 ne cif, kowa ya keɓe kati shida a gefe, duk sanda ka kayar da dabbar abokin karawarka ka ɗauki ɗaya ko fiye, wanda ya fara kwashe shidansa ya yi nasara. Iyakar abin da kake buƙatar sani ke nan kafin ka zauna. Sauran a tebur ake koya.

Wasa ne na mutum biyu zuwa sama, saboda haka wanda ya mallaki katin duniya amma ba shi da abokin bugawa, takardu kawai yake ajiya. A Amurka da Turai, kantunan sayar da kati su suke tara mutane, har akwai daren Juma'a da aka ware wa 'yan Magic a shaguna. Mu nan ba mu da irin wannan kanti. In ba mu tara kanmu ba, babu mai tara mu. Abin da na fahimta kuwa a shekara ɗaya da rabi shi ne, majalisar kati tana rayuwa ne da mutumin da ya leƙo ba shi da kati ko ɗaya. Ƙwararru biyar za su iya yin wata shida suna kayar da juna, ranar da biyu suka tafi SIWES sai wurin ya mutu.

Maganar caca

Kada ka raina wanda ya yi maka wannan tambayar, domin tana da tushe. A ƙa'idar Magic ta farko, kowane ɗan wasa yana cire kati ɗaya daga daminsa ya ajiye a tsakiya, wanda ya ci wasa ya kwashe. Wannan ai caca ce tsagwaronta, ko da ba a ga naira ba. Kamfanin da kansa ya janye daga wannan ƙa'ida, bayan 1995 bai ƙara buga katin da ya shafe ta ba, waɗanda aka riga aka buga kuma an hana su shiga gasa. A 2001 ma malaman Saudiyya sun ba da fatawar haramta Pokémon, daga cikin dalilansu har da kamanninsa da caca.

Inda abin ya fi kusa da caca a yau, a ganina, shi ne fakitin da ake sayarwa a rufe. Ka biya kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba, kana fatan ka dace da kati mai tsada. Irin wannan fatan ne yake sa mutum ya saya, ya sake saya. Duk wanda ya ji labarin Logan Paul ya sayi katin Pikachu guda ɗaya a kan sama da dala miliyan biyar a 2021, sai ya ɗauka shi ma nasa arzikin yana cikin fakiti na gaba.

Saboda haka dokarmu ta farko, wadda muka rubuta da babban baƙi a murfin akwatinmu: ba a sa komai a wasa. Ba kuɗi, ba kati, ba data, ba "wanda aka ci ya sayi lemo". Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi yi wa gardama, wai ai raha ce. Daga lemo ake farawa. Ba ma kuma buɗe rufaffen fakiti a majalisa. Mai son sayen kati ya sayi wanda ya gani da idonsa, ko haɗaɗɗen dami da aka san abin da ke cikinsa.

Kafin zama na farko, ku rubuta takarda zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai ta hannun ƙungiyar ɗalibai, ku bayyana wasan da wannan doka, ku nemi lakcara ɗaya ya zama uban ƙungiya. Ku je ku gaida masu gadin da ke kula da ɓangaren da za ku zauna, ku nuna musu katunan su juya su da hannunsu. Minti goma ne, amma ya fi a zo a tashe ku a gaban jama'a, baƙon da ya zo ranar kuwa ba za ku ƙara ganinsa ba. Akwai kuma wanda sunan Magic kaɗai, ko zanen dodanni da ke jikin katin, ya ishe shi ya ja da baya. Wannan ba a yi masa dariya, ba a kuma tsaya ja-in-ja da shi. Ya je ya tambayi malaminsa ko fastonsa, in zuciyarsa ta kwanta ya dawo, in ba ta kwanta ba zumunci yana nan.

Akwatin kowa

Kati na asali daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa, ɗalibin da ke lissafin garin kwaki kuwa ba zai yi wannan ba. In aka ce sai mai kati zai zauna, an mayar da majalisa ta 'ya'yan masu hali, su ma ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Mafita ita ce akwati ɗaya na kowa da kowa. A cikinsa a samu dami shida zuwa takwas na aro, masu sauƙi, waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya. Yawancin namu kwafi ne. Katin Magic da na Pokémon faɗinsa milimita 63 ne, tsawonsa 88, saboda haka guda tara suna shiga takardar A4 ɗaya. Dami mai kati 60 takarda bakwai ke nan a shagon fotokwafi. Ka yanka, ka zura kowanne a rigar leda tare da tsohon katin Whot ko kwali a bayansa don ya yi ƙwari, shi ke nan. Na Yu-Gi-Oh! ya ɗan fi ƙanƙanta, 59 da 86, sai a lura wajen sayen leda. Abu biyu dai: gasar da kamfanonin suke shiryawa ba ta karɓar kwafi, kuma kwafi ba na sayarwa ba ne. Mu baƙi da fari muke bugawa da gangan, don kada wata rana wani ya ɗauka ya cuci wani da shi a matsayin na asali.

Ga masu son Magic, akwai tsarin da ake kira Pauper, inda katunan gama-gari kaɗai ake yarda da su, wato mafi araha. Ya dace da mu ƙwarai. Waya ma tana taimakawa wajen koyo: Master Duel na Yu-Gi-Oh!, da Arena na Magic, da Pokémon TCG Live, duk kyauta ake sauke su, sai dai cin data da caji. Amma waya ba ta gaisawa da mutum, ba ta tambayarsa ya jarrabawa.

Akwati yana buƙatar littafi. Wanda ya ari dami ya rubuta sunansa, in ya gama a ƙirga a gabansa. A ƙirga na kowa, har na wanda ya kafa majalisar, don kada baƙo ya ji kamar shi ake zargi.

Awa ta farko

Nan ne aikin yake. Mutum ya zo wucewa ya ga ana wasa, ya tsaya daga nesa yana leƙe, hannu a aljihu. Cikin minti biyu zai yanke shawarar zama ko tafiya. In kowa ya duƙufa a kan katinsa ana ta jefa kalmomin da bai taɓa ji ba, zai wuce, kuma zai gaya wa abokansa cewa wurin na wasu 'yan ji-da-kai ne. Shi ya sa duk Asabar muke ware mutum ɗaya wanda ba zai shiga wasa mai zafi ba, aikinsa tarbar baƙi. Ya miƙe, ya yi sallama, ya tambayi suna da sashe, ya ja kujera. Karɓa-karɓa muke yi, kuma ba a ɗaga wa gwani ƙafa. Hasali ma gwanin ya fi kowa buƙatar wannan aiki.

Kada ka karanta wa baƙo ƙa'ida. Na ga mutane masu kyakkyawar niyya sun kashe wa baƙo sha'awa da lakcar minti talatin, alhali daga lakca ya gudo. Faɗa masa yadda ake cin wasa a jimla ɗaya, ba shi dami, ku baje katunan hannunku a fili kowa yana ganin na kowa, ku fara. Duk ƙa'idar da ba ta taso ba, bar ta tukuna. In ya kai inda zai zaɓa, nuna masa hanya biyu, ka faɗi abin da kowacce za ta haifar, ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, musamman in kana ganin zai jefa kansa a rami. Bar shi ya faɗa. In kai kake miƙa hannu kana buga masa, kai da kanka kake wasa, shi ɗan kallo ne mai riƙe da kati.

A wasa uku na farko, baƙo yana da damar janye abin da ya buga ya sake. Mai koyarwa kuma ya ɗauki dami mafi rauni a akwatin. Ban yarda da a bar wa baƙo wasa da gangan ba, mutane suna ganewa, kuma raini ne. Amma ka zo da daminka na gasa ka murƙushe wanda ya fara yau cikin zagaye biyu, wannan ba gwaninta ba ce, wallahi. 'Yan Yu-Gi-Oh! su suka fi fama da wannan, don a wasansu na zamani mutum zai iya yin minti goma yana jera katuna abokin karawarsa bai taɓa komai ba, ga rubutun jikin katin ƙanana kamar na takardar magani. Ni da baƙo Pokémon nake fara masa, ko Magic mai sauƙi. In ya ce shi Yu-Gi-Oh! ya sani tun yarinta, sai a ba shi dami irin na da, wanda ake sa dodo ɗaya a zagaye.

Sai harshe. Duk katunan da turanci suke, turancin ma irin na lauyoyi. Akwai ɗalibin da ya fi kowa kaifin lissafin wasa amma yana jin nauyin karanta kati da ƙarfi a gaban mutane. Mai koyarwa ya karanta, ya fassara da Hausa, a wuce. In kuma akwai wanda ba ya jin Hausa a teburin, to a koma turanci ko buroka, kada a bar shi yana bin bakin mutane da ido ana dariyar da bai san kanta ba. Makarantar nan ta tara kowa.

Bayan an tashi, a tambaye shi ko zai dawo, a gaya masa rana da lokaci. Mako na gaba in ya zo, a kira shi da sunansa. Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mu kuwa ko tabarmar ba mu da ita, bencin aji ne.

Wani wurin da ake cutar baƙo shi ne musaya. Wanda ya daɗe ya san katin da ke da daraja, sabon shiga kuwa zane yake kallo. Sai ka ga an karɓi katinsa mai tsada an ba shi uku masu ƙyalli marasa amfani, yana ta godiya. Ranar da ya gane, ba mutum ɗaya zai tsana ba, majalisar gaba ɗaya ce. A wurinmu ba a musaya da wanda bai yi wata biyu ba sai da mutum na uku, a duba farashin katunan biyu a intanet a gabansa. Bashi kuma babu shi sam.

Wuri da lokaci su zama ɗaya kullum. Mu Asabar muka zaɓa, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, saboda Juma'a da Lahadi kowacce tana da masu ita, kuma da rana ba ruwanmu da ɗauke wuta. Ko mutum biyu ne suka zo, a zauna, domin wanda ya zo sau ɗaya ya tarar da aji a kulle ba ya zuwa na biyu. Makon jarrabawa a rufe, a sanar tun da wuri.

Kada a yi a ɗakin kwanan maza. Yin haka ya kori rabin makaranta tun kafin a raba kati. Aji mai buɗaɗɗen ƙofa ko rumfar da kowa yake wucewa ta fi. 'Yan mata sukan zo su biyu ko uku, kuma abin da ke korarsu sananne ne: wanda zai tsaya a kanta yana gaya mata abin da za ta buga ba ta tambaye shi ba, da wanda zai nemi lambar waya kafin a gama wasan farko. Na farkon a ja shi gefe a yi masa magana. Na biyun a yi masa gargaɗi sau ɗaya. In suna son teburinsu daban, a ba su, in suna son karawa da kowa, bismillah. Wadda ta fi iya Pokémon a cikinmu yanzu 'yar ND I ce a sashen akanta, kuma ita take koya wa yawancin sababbin zuwa, maza da mata.

Gasa ba tare da kora ba

In mutane sun kai takwas, za a fara ƙaiƙayin gasa. Kada a yi ta sili-ɗaya-ƙwale. Wanda aka fitar a zagayen farko, galibi sabon shiga ne, zai zauna awa biyu yana kallo. Tsarin Siwis ya fi, wanda aka fara amfani da shi a gasar chess a birnin Zurich a 1895, kuma shi manyan gasannin kati suke bi. Zagayen farko a haɗa mutane da ƙuri'a. Wanda ya ci maki uku, kunnen doki maki ɗaya, wanda aka ci ba shi da komai. Daga nan a riƙa haɗa masu maki ɗaya da juna, ba a maimaita abokin karawa. Mutum takwas zagaye uku ya isa a samu zakara, sha shida zagaye huɗu. Kowa yana wasa har ƙarshe, kuma zuwa zagaye na uku sababbi da sababbi suke haɗuwa, inda mutum zai ɗanɗani nasararsa ta farko. In adadin bai cika bibbiyu ba, mutum ɗaya ya huta a ba shi maki uku, amma kada hutun ya faɗa kan mutum ɗaya sau biyu. A sa wa zagaye lokaci, minti 50 kamar yadda 'yan Magic suke yi, in ba haka ba Magariba za ta riske ku.

Ba ma karɓar kuɗin shiga a tara a ba wanda ya ci, wannan komawa gidan jiya ne. Zakara sunansa ake rubutawa a littafin akwati. In wani ya kawo kyautar ledar kati ko dami, mukan ba wanda ya fi koyar da baƙi a wannan samista, kuma sababbin ne suke zaɓensa.

Masu son zama na hira su gwada Commander, wani tsarin Magic da mutum huɗu suke bugawa tare, kowa da kati 100 da rai 40. Yana da daɗi da surutu da ƙulla ƙawance a warware, sai dai yana rikita wanda bai yi wata ɗaya ba, kuma kafin a fara kowa ya faɗi gaskiyar ƙarfin daminsa.

Diploma shekara biyu ce. Wanda ya kafa majalisa a ND I, kafin ya farga yana ɗaure furojet. Saboda haka tun farkon samista ta ƙarshe akwati ya bar hannun 'yan ND II. Namu yanzu yana hannun mutum biyu 'yan ND I, mace da namiji, ɗaya da mukulli, ɗaya da littafi, takardar izini kuma an sabunta ta da sunayensu. Mu tsofaffi muna zuwa ne a ba mu aron dami mu rubuta suna kamar kowa. Mai son gani ya zo ranar Asabar bayan La'asar, ya tambayi masu gadin ɓangaren azuzuwa inda 'yan kati suke zama, sun san mu. Ba sai ya zo da komai ba.